A dama na saba kwana, ga shi nan aka yi mini aiki

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Daura, shekarata 44, 'ya'yana huɗu. Yau kwana tara ke nan da aka yi mini aikin sankarar mama a Katsina. An cire maman dama gaba ɗaya, an kuma ɗebe wasu ƙwayoyin kaluluwa a hamata. An sallamo ni da wata roba a gefen ƙirji mai zubar da ruwa cikin 'yar gora. Alhamdu lillahi aiki ya yi kyau, amma tun da na dawo gida ban yi barcin awa uku a jere ba. Tun ina 'yar Islamiyya a gefen dama nake kwana, yanzu kuwa can ne ciwon. In na yi rigingine bayana ya ƙage. In barci ya fara ɗaukata sai in ji ina mirginawa, in farka a firgice kar in tsinke robar. Katifata a ƙasa take, tashi ma aiki ne. Autana ɗan shekara uku ba ya barci sai a jikina. 'Yan dubiya ba sa ɗaukewa sai bayan isha'i. Innata ta zo jinya, kullum maganarta a dafa ruwa a gasa mini wurin kamar na jego, wai shi zai saki jijiyoyin. Maƙwabciyata kuma ta ce in aika kemis a sayo mini ƙwayar barci. Abin da ya fi damuna, tun da na dawo Malam bai kwana ɗakina ba, ko ranar girkina. Yana shigowa ya yi mini sannu, ya ajiye abin da ya sayo, ya fita. Abokiyar zamana ce take yi mana girki, ba ta rage ni da komai ba. Amma in dare ya raba sai in yi ta tunanin ko ƙyamata yake yi, ko kuma sakamakon gwajin da muke jira ba zai zo da daɗi ba. Yaya zan yi?

'Yar uwarki daga Daura

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Sannu da jiki, sannu ƙwarai. Allah Ya sa kaffara ne, Ya ba ki lafiya mai ɗorewa.

Zan fara da maganar gefen dama, domin na ji nauyinta a wasiƙarki duk da cewa a layi ɗaya kika faɗe ta. Gaskiya ne, Manzon Allah (SAW) ya koya wa Bara'u ɗan Azib cewa idan zai kwanta ya yi alwala irin ta sallah, sannan ya kwanta a ɓangarensa na dama. Kin riƙe wannan shekara talatin da wani abu, Allah Ya ba ki lada. To amma ki tuna Imrana ɗan Husaini, wanda basir ya matsa masa har ya yi tambaya game da sallah. Amsar da ya samu ita ce ya yi a tsaye, in ba zai iya ba a zaune, in ba zai iya ba a kwance a gefe. Farilla ke nan ta samu sassauci saboda ciwo, balle sunnar kwanciya. Ki ci gaba da alwalarki da azkar ɗinki, ki karanta ayoyi biyun ƙarshen Baƙara yadda kika saba. Ta ƙarshen da kanta take cewa Allah ba Ya ɗora wa rai sai abin da zai iya. Dama tana nan tana jiranki, kuma makonni ne, ba shekaru ba.

Ciwon bayan nan da kike ji, daga shimfiɗewa ɗoɗar a kan katifa yake zuwa. Wadda aka yi wa aiki a ƙirji ta fi samun sauƙi idan ta yi rabin zama rabin kwanciya. A ɗauko tumtum ɗin falo a jingina shi da bango, a jera filo biyu ko uku a gabansa yadda za su yi gangare tun daga ƙugu har zuwa kai. Kuskuren da aka fi yi shi ne a tara filo ƙarƙashin kai kaɗai, wuya ya lanƙwashe, a wayi gari da sabon ciwo. Kafaɗu da baya duka su hau gangaren. Sai a sa wani filon ƙarƙashin gwiwoyinki, shi ne zai sauke wa ƙugu nauyi, kuma zai hana ki zamewa ƙasa. Hannun dama kada ya zauna a rataye ko a matse da jiki: a ɗora shi kan filo mai laushi, tafin hannu ya ɗan ɗara gwiwar hannu bisa, a kuma ninke zane mai taushi a sa tsakanin damtse da haƙarƙari don kar su riƙa gogar ɗinkin. Mirginawa kuwa maganinta abin da muke yi wa jarirai ne. A naɗe bargo ko zannuwa a tokare ki dama da hagu. Jiki in ya ji tokari sai ya koma da kansa, ke ko farkawa ba za ki yi ba. Lokacin da na yi jinyar yayata bayan irin wannan aikin, sai da muka kwana uku muna ƙara filo muna ragewa kafin muka dace, saboda haka kada ki karaya in daren farko bai yi ba. Wasu kuma kujerar falo mai hannu ta fi yi musu daɗi a kwanakin farko. In ke ma haka ne ki kwana abinki a kai, amma a ɗora ƙafafunki kan wani abu, kar su kwana a rataye.

Katifar ƙasa dai a haƙura da ita na wata guda. Tashi daga ƙasa sai an dogara da hannu biyu, ke kuwa ɗaya gare ki a yanzu. A shigo da gado ko na aro ne, in bai samu ba a ɗora katifa kan katifa har tsawonsu ya kusa gwiwa. In za ki tashi, ki ɗan karkata hagu, ki sauke ƙafafu, ki tura da gwiwar hannun hagu, ki zauna ɗan lokaci kafin ki miƙe saboda jiri. Duk mai son taimaka miki ya tallafe bayanki, kada kowa ya ja ki ta hannun dama. Tocila da ruwan sha da waya su kwana a hagunki, fo kuma kusa, don kar ki ratsa tsakar gida cikin duhu da magagin barci.

Robar nan da take tsorata ki, yawanci ɗinke ta ake yi da fata da zare, ba ta fita don an ɗan motsa. Abin kiyayewa shi ne kar ta lanƙwashe, kar ta saƙale, kar kuma gorar ta hau sama da inda aka yi aikin. Ki nemi riga mai maɓallai a gaba, domin mai shiga ta ka sai an ɗaga hannu. Tsohuwar taguwar Malam ta auduga ta wadatar. A ɗinka mata aljihu ta ciki a ƙasa-ƙasa, gorar ta kwana a ciki, ko a maƙale ta da fil ta madaurinta, ba ta jikin robar ba. In an koya miki juye ruwan, ki juye kafin ki kwanta, ki rubuta yawansa da launinsa. Akasari tsakanin mako ɗaya zuwa uku ake cire ta, idan abin da yake fita cikin awa 24 ya sauko kusan mililita 30, wato kamar babban cokali biyu. Kina kwana na tara, kin ci kusan rabin tafiyar ko fiye. In kuma ta fita da kanta, kada a yi yunƙurin mayar da ita. A rufe wurin da bandeji mai tsabta, a kira asibiti. Bayan an cire ta, mata da yawa sukan samu izinin juyawa hagu, a rungume filo a ƙirji, a sa wani tsakanin gwiwoyi. Dama da ruf da ciki sukan jira mako huɗu zuwa shida. Likitan da ya ga ɗinkinki shi zai yanke, ki tambaye shi ranar komawa.

Ba ki yi maganar magani ba, amma na san halinmu. Mace sai ta daure har ciwo ya kai mata karo sannan ta sha, wai kar ta saba. A kwanakin nan juriya irin wannan cutar kai ce. Ki sha abin da aka rubuta miki a kan lokaci, ki daidaita na dare ya faɗo rabin awa zuwa awa ɗaya kafin kwanciya. Idan farasitamol ne mai miligiram 500, babba ba ya wuce ƙwaya takwas cikin awa 24, kuma magungunan mura da yawa suna ɗauke da shi a ciki, kar a haɗa. Irin su ibufurofen da dikilofenak sai da sanin likita, musamman ga mai gyambon ciki ko matsalar ƙoda. Akwai kuma wani ciwon daban da ya kamata ki sani tun yanzu: raɗaɗi kamar ƙuna, ko sukar allura, ko tafiyar kiyashi a cikin damtse, ko ki ji fatar ta mutu, har ma ki ji ƙaiƙayi a maman da aka cire. Ba iska ba ce, ba sammu ba ne. Ƙananan jijiyoyin da aka yanka lokacin aiki ne. Farasitamol bai cika jin wannan ba, yana da nasa maganin da likita yake rubutawa, galibi ma da dare ake shan sa.

Ƙwayar barcin kemis kuwa, ki gode wa maƙwabciyarki ki bar ta a nan. Idan ta haɗu da maganin ciwo mai ƙarfi irin su tiramadol tana iya danne numfashi, tana sa jiri a faɗi in an tashi fitsari, kuma sabo da ita ba ya wuya. In har ana buƙatarta na 'yan kwanaki, daga hannun wanda ya san duk abin da kike sha za ta fito.

Sai Inna. Ki dube ta da idon rahama. Uwa ce da aka yanka 'yarta, abin da ta sani yana warkar da jikin mace shi ne ruwan zafi, da shi ta yi jegonki, da shi wataƙila ta yi miki naki har sau huɗu. Amma a wannan karon ba za a yi ba, ko sau ɗaya. Fatar da ke kewaye da ɗinkin ba ta ji kamar da, tana iya ƙonewa har ta saluɓe ke ba ki sani ba. Zafi yana ƙara kumburi, jiƙa ciwon da bai haɗe ba yana buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa, kuma duk abin da ya jinkirta warkewar ɗinkin yana iya jinkirta maganin da zai biyo baya. Haka man zafi, man shanu, da duk wani ganye ko garin shafawa. Sai dai in kika ce mata a'a kawai, za ta ji an ture ta. Ki ba hannunta aiki. Ta matsa miki ƙafafu da ƙugu da wuya bayan isha'i, ta ɗumama ruwa ki tsoma sawu, ta dama miki kunu. Ranar wankin ciwo ki tafi da ita, ki roƙi nas ta yi mata bayani da bakinta. Abin da tsohuwa ba za ta karɓa daga 'yarta ba, takan karɓa daga mai farin kaya. Ki kuma gaya mata tun yanzu cewa bayan an cire roba ruwa yakan taru ƙarƙashin fata, ya yi lumtsum kamar ruwa a leda. Abu ne da aka saba gani, a asibiti ake zuƙe shi da allura in ya dame ki. Ba aikin wanzami ba ne, ba a kafa masa ƙaho.

Auta ma aikin Inna ne ko na abokiyar zamanki. Ƙafar ɗan shekara uku cikin barci ba ta san ɗinki ba. Ya zo bayan magariba ya zauna a hagunki, filo na kan ƙirjinki, ki yi masa tatsuniya da addu'a, in ya yi barci wani ya ɗauke shi. Zai yi kuka kwana biyu ko uku, zuciyarki za ta karye, ki daure. Ɗauka da goyo, da jan ruwa da daka, sai bayan mako huɗu zuwa shida.

'Yan dubiya alheri suka kawo, amma ba ke za ki sallame su ba. Malam ko Inna su sa lokaci, daga la'asar zuwa magariba, wanda ya zo bayan nan a ce masa kin samu barci, a karɓi gaisuwarsa a zaure ko a tsakar gida. Duk wadda ta fara ba ki labarin wance da aka yi wa irin aikinki kaza ya faru, Inna ta katse ta da kawo ruwa. Irin waɗannan labaran su ne suke dawo miki ƙarfe biyun dare.

In zafi ya kore ku tsakar gida, kin san bazarar Daura takan haura digiri 40, babu laifi ki kwana a waje muddin a kan gado ne, ciwo a rufe, cikin gidan sauro. Wani ya ɗaura ya kuma soke miki shi, ke kada ki miƙa hannu sama. Fanka mai caji tana da amfani, kuma in gumi ya jiƙa bandeji a sauya shi. Shayi da goro da baƙin lemon kwalba a tsayar da su daga la'asar. Ƙailula kar ta wuce rabin awa. Da rana ki riƙa zagaya tsakar gida, ki yi motsin da aka nuna miki na kafaɗa da gwiwar hannu da dunƙule yatsu ki buɗe, ba tare da ɗaga hannu ya wuce kafaɗa ba sai an ba ki izini. Jikin da ya wuni a kwance ba ya neman barci da dare, tafiyar kuma tana hana jini daskarewa a ƙafa.

Akwai abubuwan da ba a jira gari ya waye a kansu. Zazzaɓin da ya kai digiri 38, kuma kada a ce na cizon sauro ne a aika kemis, sai an duba ciwon tukuna. Wurin ya yi ja da zafi yana yaɗuwa, ko mugunya da wari. Kumburi ya taso farat ɗaya, ko jan jini ya cika gorar da sauri. Ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo. Ciwon ƙirji ko numfashi ya yi wuya. Daura zuwa Katsina kusan kilomita 80 ne, ba tafiyar tsakar dare ba ce ga mai ɗinki. Ku fara da asibitin da ya fi kusa a nan cikin Daura, ku kira waɗanda suka yi aikin daga can. Lambarsu da ta mai motar da za a iya tasa da dare su kasance a rubuce a bango, ba a waya ɗaya kaɗai ba.

Yanzu maganar Malam, wadda na san ita kika fi jira. Ban ga zuciyarsa ba, ba zan rantse miki a kanta ba. Amma ina da tambaya: a ina Inna take kwana? In a ɗakinki ne, to ƙanwata, wane Bahaushe ne zai shimfiɗa ya kwanta a ɗakin da surukarsa take? Ko zaman minti goma ma nauyi yake yi masa, shi ya sa yake ajiye leda ya fita. Ƙari a kan haka, maza da yawa tsoro suke ji kar su buge ciwon cikin barci, ko su ga kamar kusantar mai jinya rashin tausayi ne, kuma ba su iya faɗa ba. Mai ƙyama ba ya yawan leƙowa. Duk da haka ba zan rufe ki ba, yana yiwuwa shi ma yana fargabar ganin wurin, bai san me zai ce ba in ya gani. Wannan ma ba ƙarshen zance ba ne, fargaba takan tafi da sabo. Abin da ba na so shi ne ku kwashe wata guda kowa yana fassara shirun ɗan uwansa.

Ki nemi lokacin da Inna ta fita da rana, ki ce masa ya zauna. Ba da ƙorafi za ki fara ba. Ki ce, "Malam, dare yana yi mini tsawo. Ina so ranar girkina ka dawo ɗakin nan, Inna za ta kwana wurin yara." In ya kawo maganar ciwo, ki ce ya kwanta ta hagunki da bargo a tsakani, ko ya shimfiɗa katifar ƙasan nan kusa da gadon. Ki kuma ba shi aiki, domin namiji yakan fi sakewa a ɗakin jinya in yana da abin yi: shi ne mai jera filo, shi ne mai rubuta awon ruwan gora, shi ne mai tuna lokacin magani. Rashin lafiya ba ya soke kwanan mace, kada kunya ta sa ki yafe shi alhali zuciyarki tana so. Abokiyar zamanki ta yi halin girma, ki gode mata baki da baki, ki kuma gaya mata shirin da kanki kafin ta ji a wani wuri. Tabon kuwa naki ne, ke za ki zaɓi ranar da za ki nuna. Ki fara kallonsa ke kaɗai ko tare da nas, ki yi kukanki in ya zo. In makonni suka shuɗe kin yi magana Malam yana ta zillewa, sai a sa wanda yake jin nauyinsa, yayarsa ko amininsa, ya zauna da shi cikin sirri.

Jiran sakamako kuwa yana da wuya, ban da abin da zan faɗa ya mayar da shi sauƙi. Abin da gwajin zai nuna shi ne irin cutar da inda ta kai, daga nan a san maganin da ya dace da ke. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mata miliyan 2.3 aka gano da wannan cutar a shekarar 2022 kaɗai, saboda haka hanya ce da likitoci suka san ta ƙwarai, ke kuma kin riga kin yi abin da mata da yawa suke gudu har lokaci ya ƙure, kin yarda an yi aiki. Ki ajiye ɗan littafi a hagunki. Duk tambayar da ta taso cikin dare ki rubuta ta, ki kai wa likita. Kada ki bi ta cikin waya a wannan lokacin. In kin kai rabin awa barci bai zo ba, ki daina kokawa da shi: ki gyara zama, ki ɗauki carbi ko ki kunna karatu ƙasa-ƙasa, ki ja numfashi a hankali ta hanci ki sake shi a hankali, sai kin ji ido ya yi nauyi ki koma. In baƙin ciki ya zauna miki fiye da mako biyu, abinci ya fita ranki, kuka ba dalili, ki gaya wa likita kamar yadda za ki gaya masa zazzaɓi, domin yana da magani. Nan gaba ma wasu magungunan sukan taɓa barci, kamar wanda ake haɗawa da allurar kemo, wato ta kashe ƙwayoyin sankara, don hana amai, ko tamoksifen mai sa zufa da jin zafi cikin dare. In hakan ta faru a gyara lokacin sha ko a nemi dabara da likita, kada ki daina da kanki.

Idan an cire robar ki sake rubuto mini. Ina so in ji daren farko da kika juya hagu, in kuma ji amsar da Malam ya ba ki. Ki gaishe mini da Inna.